Daga Gyara Zuwa Ƙira: Haɗa Na'urorin Lantarki da Hannunmu

[Kiɗan buɗe shiri]

   Matasa, ku matso kusa da rediyo, ku ɗauko biro da takarda, domin yawancin zancen yau naku ne, ko da yake akwai rabon iyaye a ƙarshe.

Yau za mu tattauna a kan haɗa kayan lantarki da hannu: yadda mutum zai zauna a ɗakinsa da 'yan kayan da aljihu zai iya ɗauka, ya haɗa na'ura, ya rubuta mata umarni, ta riƙa yi masa aiki ko yana barci.

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko ya tsaya a rumfar mai gyaran rediyo da talabijin a unguwarsu, ya san Allah ya hore wa matasanmu hannu. Za ka ga yaro ya ɗaga aisi daga kan fanel da iska mai zafi, ya mayar da wata, waya ta tashi. Wannan ba ƙaramar gwaninta ba ce. Amma kusan duk abin da muke gyarawa wani ne ya ƙera shi, don buƙatar ƙasarsa da yanayin ƙasarsa. Abin da nake son in tabbatar muku a yau shi ne, tsakanin mai gyara da mai ƙira taki ɗaya ne kawai, kuma takin nan shi ne fahimta: ka san dalilin da ya sa aka sa kowane abu a inda aka sa shi.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. A 1975 wasu masu sha'awar lantarki a Kalifoniya ta Amurka suka kafa ƙungiya mai suna Homebrew Computer Club, suna haɗuwa kowa yana nuna abin da ya haɗa. A wajensu ne Steve Wozniak ya nuna allon kwamfutar da ya ƙera, wadda ta zama Apple ta farko a 1976. A nahiyarmu ma akwai William Kamkwamba na Malawi, wanda yunwa da rashin kuɗin makaranta suka zaunar a gida. Yana ɗan shekara 14 ya samu littafi a wani ƙaramin ɗakin karatu, ya tattara tarkacen keke da itace, ya kafa injin da iska ke juyawa, ya kunna fitila a gidansu. Akwai kuma Kelvin Doe na birnin Firitawun a Saliyo, wanda ya haɗa ƙaramar tashar rediyo da kayan da ya tsinto a bola, har jami'ar MIT ta Amurka ta gayyace shi a 2012. Babu ɗayansu da ya fara da jari. Da tambaya suka fara.

Abin da ya sauƙaƙa wannan sana'a a zamaninmu shi ne wani ɗan allo da ake kira Arduino. An haife shi a 2005 a garin Ivrea na arewacin Italiya, a wata makarantar koyon zayyana, inda wani malami mai suna Massimo Banzi da abokan aikinsa suka ga allunan da ake da su sun fi ƙarfin aljihun ɗalibai. Sai suka gina nasu a kan aikin wani ɗalibi ɗan Kolombiya, Hernando Barragán. Babban alherin da suka yi wa duniya shi ne ba su ɓoye zanen ba. Sun sake shi, kowa yana da izinin kwaikwaya. Shi ya sa yau masana'antun Sin suke buga irinsa da araha, har yake isowa shagunan kayan lantarki na Legas da Kano.

A tsakiyar allon akwai wata baƙar aisi, ita ce maikurokwanturola, wato ƙaramar ƙwaƙwalwa. A kan samfurin da aka fi sani, Arduino Uno, sunanta ATmega328P. Agogonta yana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa ɗaya, wurin ajiye umarninta kuwa kilobait 32 ne kacal, hoto ɗaya na cikin wayarka ya ninka shi sau da yawa. Amma ya ishe ta, domin aikinta uku ne: ta ji, ta yanke hukunci, ta aikata. Tana ji ta ƙafafun da aka haɗa da na'urorin auna zafi ko haske ko nisa. Tana yanke hukunci bisa umarnin da ka rubuta. Tana aikatawa ta hanyar kunna wani abu ko kashe shi. Irinta ce a cikin inbata, da rimot, da mitar wuta ta kati. Akwai kuma 'yan'uwanta: ESP32 ta kamfanin Espressif na Shanghai, wadda ta fito a 2016 da wayifai da bulutus a jikinta, da Raspberry Pi Pico ta Ingila, wadda aka fitar a 2021 a kan dala 4.

To, kafin a taɓa ƙwaƙwalwa, sai an san wuta. Kalmomi uku ne tushen wannan ilimi, kuma ruwan famfo zai taimake mu mu riƙe su. Bolt shi ne ƙarfin da ke turo ruwa a cikin bututu. Amf shi ne yawan ruwan da ke wucewa. Om kuwa shi ne ƙuncin bututun da ke rage gudun ruwan. Wani Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana dangantakarsu a 1827: ka raba bolt da om, sai ka sami amf.

Ga yadda ake amfani da ita. Kana da 'yar jar fitila ta LED, kana da wuta bolt 5. Fitilar tana cin kusan bolt 2, saura 3. Idan ka jona ta kai tsaye, wuta za ta yi mata yawa ta ƙone. Sai ka sa mata resista mai om 220 a hanya. Raba 3 da 220, za ka sami kusan miliamf 14, daidai abin da fitilar ke so, kuma bai kai miliamf 20 da aka shawarta wa kowace ƙafar Arduino ba. Wanda ya iya wannan ɗan lissafi ya daina sa kaya da ka. Ya fara zaɓa da dalili.

Kayan farawa ba su da yawa: allon Arduino, allon gwaji mai ramuka wanda ake soka ƙafafun kaya ba tare da dalma ba, 'yan wayoyi, fitilu, resistoci, da multimita. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, multimita za ka fara saya, domin ita ce ke gaya maka gaskiyar abin da ke gudana a cikin waya. Manhajar rubuta umarni kyauta ce. In ka sayi allo na kwaikwayo ka jona da kwamfuta ta ƙi ganin sa, kada ka yi saurin cewa an cuce ka. Yawancinsu suna ɗauke da wata aisi mai suna CH340, wadda sai an saka wa kwamfuta direbanta. Wanda bai sami kayan ba tukuna, akwai shafuka irin su Tinkercad da Wokwi da ake haɗa komai a kan fuskar kwamfuta a gwada kyauta.

Umarnin Arduino kashi biyu ne. Na farko ana kiran sa setup, sau ɗaya ake karanta shi idan wuta ta shigo, a nan kake sanar da ƙwaƙwalwa wace ƙafa ce ta ji, wace ce ta aiki. Na biyu ana kiran sa loop, shi kuma ana maimaita shi ba tsayawa har wuta ta ɗauke. Darasin farko a duk duniya ɗaya ne: kunna fitila, jira daƙiƙa ɗaya, kashe, jira daƙiƙa ɗaya. Kada ka raina shi. Hannun da ya iya kunna fitila da umarni, shi ne zai kunna injin ruwa.

Masu sauraro, za mu ɗan shaƙata, in mun dawo za mu ɗauki aiki guda mu bi shi daga tushe.

[Gajeren kiɗa]

Barkanmu da dawowa. Aikin da na zaɓa kowa ya san matsalarsa. An kawo wuta da tsakar dare, an kunna sumo, wato injin jawo ruwa daga burtsatse, barci ya kwashe mai gida, tanki ya cika yana ta ambaliya har asuba, ruwa ya tafi a banza, katanga ta jiƙe, kuɗin wuta ya ƙaru. Ko kuma akasin haka, an kawo wuta ba wanda ya farka, gari ya waye tanki a bushe.

Bari mu faɗi gaskiya tun farko: akwai makunni mai iyo da ake sayarwa, wanda ke kashe inji idan ruwa ya cika, kuma yana aiki. In buƙatarka ke nan kawai, shi za ka saya. Ƙwaƙwalwa tana shigowa ne inda ake buƙatar hukunci, kuma yanzu za ku ga inda hukuncin yake.

Da farko muna son sanin inda ruwa ya kai. Akwai 'yar na'ura mai suna HC-SR04, mai kama da idanu biyu. Ɗaya yana fitar da sauti mai kaɗawa sau dubu 40 a daƙiƙa, wanda kunnen ɗan Adam ba ya ji, ɗayan yana jiran amsa-kuwwarsa. Ka ɗora ta a murfin tanki tana kallon ƙasa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka idan ruwa yana nisan mita ɗaya, zuwa da dawowa zai ɗauki kusan kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa. Ƙwaƙwalwa ta ƙirga lokacin, ta raba biyu, ta san zurfin da ya rage.

A nan ne sanin ƙasarka yake amfani. Wancan adadi na 343 na iska mai zafin digiri 20 ne. A digiri 40, wanda ba baƙo ba ne a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, sauti yana kai mita 355 a daƙiƙa, bambancin ya haura kashi 3 cikin 100. Baƙin tanki a kan rufi kuwa ya fi haka zafi. Wanda ya kwafo umarni daga intanet bai gyara ba, awonsa zai kauce da 'yan santimita. Sannan tururin cikin tanki yana lalata wannan na'ura da sauri, shi ya sa aka fi son 'yar'uwarta mai jure ruwa, JSN-SR04T.

Hukunci na farko: yaushe za a kunna, yaushe za a kashe? Mai koyo yakan rubuta cewa in ruwa ya sauka daga baki a kunna, in ya kai baki a kashe. Sakamakon haka, duk wanda ya buɗe famfo ya ɗebi buta ɗaya, inji zai tashi ya mutu, ya tashi ya mutu, har ya ƙone. Daidai shi ne a sa iyaka biyu masu tazara: kada a kunna sai ruwa ya sauka zuwa kwata, kada a kashe sai ya kusa baki.

Hukunci na biyu: rijiyar burtsatse takan ja baya da rani. Injin da ke juyawa babu ruwa yana yin zafi ya lalace. Sai ka rubuta cewa, in an kunna inji an yi minti 5 ruwan tanki bai ɗaga ba, a kashe, a kunna jar fitila, a dakata. Makunni mai iyo ba zai iya wannan ba.

Hukunci na uku: idan aka dawo da wuta, takan zo tana rawa. Ka umarci ƙwaƙwalwa ta jira minti ɗaya ko biyu kafin ta tayar da inji. Kun ga, duk hukuncin nan uku daga rayuwarmu suka fito. Injiniyan da ke zaune inda wuta ba ta ɗaukewa ba lallai ne ya yi tunaninsu ba. Kai da kake cikin matsalar, kai ne ka fi cancantar rubuta maganinta.

Yanzu ku saurara da kyau, domin mun zo wurin da ake rasa rai. Ƙafar Arduino ba ta iya ɗaukar inji. Tana kunna wani makunni ne da ake kira rile, ta hanyar tiransista. Ƙaramin rile ma bai dace da sumo ba, saboda inji yana jan wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tashi, sai rilen ya kunna babban makunni da ake kira kwantakta. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, kuma tana kisa. Duk gwajinka ka yi shi da bolt 5 ko 12, fitila ta tsaya a madadin inji. Ranar jonawa da wutar gida, ka kira ƙwararren mai aikin wuta, a kashe babban makunni, a sa komai cikin akwatin roba mai murfi. Wannan ba tsoro ba ne, rigakafi ne, kuma ya fi magani.

Akwai wasu haɗura biyu. Na ɗaya, baturan litiyam irin 18650 da ake cirowa daga tsofaffin baturan laftof. Suna da amfani ƙwarai, amma kada cajinsu ya wuce bolt 4.2, kada a huda su, kada kawunansu biyu su haɗu, domin suna kama wuta. Ka yi cajinsu da allon da aka yi don haka, irin TP4056 mai kariya. Na biyu, wayar dalma da muke narkawa, wadda galibinta kashi 60 kuza ne, kashi 40 dalma. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadin ƙurar duwatsun zinariya. Dalmar teburinka ba ta kai wannan yawa ba, amma guba ɗaya ce. Kada ka riƙe ta da haƙori, kada ka ci abinci a wurin aiki, ka wanke hannu da sabulu, ka buɗe taga, kuma ƙananan yara su yi nesa.

To, na'ura ta yi aiki a kan allon gwaji. Ba a nan za a bar ta ba, domin wayoyin soke-soke suna kwancewa, ƙurar hunturu tana shiga ramuka. Mataki na gaba shi ne allo na dindindin, irin koren fanel ɗin da kuke gani cikin rediyo. Wani injiniya ɗan Ostiriya, Paul Eisler, ya fara amfani da wannan dabara a cikin rediyo a 1936 a Ingila, kuma yau kana iya yin ta a tsakar gida. Za ka zana hanyoyin wuta da manhajar KiCad, wadda kyauta ce. Ka buga zanen a juye, da firinta mai garin tawada, a kan takarda mai sheƙi. Ka goge allo mai fuskar jan ƙarfe har ya yi haske, ka kifa takardar a kai, ka danne da dutsen guga mai zafi har tawadar ta manne. Ka jiƙa takardar ka murje ta a hankali. Daga nan ka tsoma allon cikin ruwan sinadarin ferik kulorayid, a mazubin roba ba na ƙarfe ba. Sinadarin zai cinye duk jan ƙarfen da tawada ba ta rufe ba, ya bar maka hanyoyinka. Sai hudawa da siririn bakin da bai wuce milimita ɗaya ba, sai dalma. Ka sa safar hannu, ka kare idonka, kuma kada ka zubar da ragowar ruwan a kwata ko kusa da rijiya.

Wanda ke son allo mai yawa ko mai fuska biyu, yana iya tura zanensa ta intanet zuwa masana'antu a Shenzhen ta ƙasar Sin su buga masa. Sau da yawa kuɗin aikowa ya fi kuɗin bugawa, don haka ku haɗu ku biyar ko goma ku yi oda tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawara guda da nake roƙon kowane mai koyo ya riƙe ita ce ya ajiye littafi. Ka zana abin da ka haɗa, ka rubuta abin da mita ta nuna, ka rubuta abin da ka canza. In na'ura ta ƙi aiki, kada ka canza abu biyu a lokaci ɗaya. Fara da wuta: tana isowa? Nawa ce? Ɓangaren negatib na dukkan sassan, wanda ake kira ƙasa, a haɗe yake? Yawancin matsaloli a nan suke. Kuma duk layin umarnin da ka kwafo, ka tsaya sai ka iya bayyana wa ƙaninka abin da yake yi. In ba ka iya ba, ba naka ba ne tukuna.

Iyayenmu, ga rabonku. A gidaje da yawa akwai yaron da ba ya barin tocila ko rediyo sai ya kwance ta. Mukan kira shi maɓarnaci. Ina roƙonku ku dube shi da wani ido. Ku ba shi matattun kaya masu amfani da batir ya buɗe, ku hana shi taɓa na wutar gida da cikin tsohuwar talabijin ko inbata, domin kafasitocinsu suna riƙe wuta ko bayan an zare su. Ku kai shi wurin amintaccen mai gyara lokacin hutu. Kuma kada a ware 'ya'ya mata. Aiki ne na natsuwa da lura, ana yin sa a cikin ɗaki, kuma yarinyar da ta iya haɗa na'urar lura da zafin injin ƙyanƙyasar ƙwai ta sami sana'ar da za ta riƙe ta har gidan aurenta. Malaman makarantun sakandare da na koyon sana'a, allo ɗaya da mita ɗaya sun isa a kafa ƙungiyar ɗalibai goma. Masu gyara na kasuwa kuma, ku da kuka riga kuka mallaki hannu, awa ɗaya a rana kan lissafin Ohm da rubuta umarni za ta buɗe muku ƙofar da gyara kaɗai ba zai buɗe ba.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Ku nemi multimita, ko ta aro ce. Ku auna sabon batirin rimot, ya kamata ku ga kusan bolt 1.5, sannan ku auna wanda ya mutu ku rubuta bambancin. Ku sami fitilar LED da resista mai om 220, ku kunna ta da batura uku a jere, ku lissafa wutar da ke ratsa ta da biro, sannan ku auna da mita ku ga ko lissafinku ya yi daidai. Wanda ya yi wannan ya shirya wa darasinmu na gaba, inda in Allah ya kai mu za mu ɗauki na'urar auna damshin ƙasa domin masu noman rani.

A nan za mu dasa aya. Allah ya sa albarka a hannuwanmu da na 'ya'yanmu, ya kare mu daga haɗari.  

[Kiɗan rufe shiri]